Fitilu a Ƙofar Gida, Duhu a Ɗakin Haihuwa

Wanda ya taɓa kwana a Madobi, ko Kura, ko Bunkure a tsakiyar rani ya san sautin da daren yankin ke tafiya da shi. Ƙugin injin ban-ruwa ne daga fadama, wani kusa wani nesa, manomin da rana ba ta ishe shi ba yana shayar da tumatirinsa da tocila ɗaure a goshi. Da an idar da sallar isha'i gari kan yi duhu, in ban da teburin mai shayi da shagon mai cajin waya, inda wayoyin rabin unguwa ke jere kan katako suna jiran rabonsu na wuta.

A cikin wannan duhun ne wani sabon salon alheri ke neman gindin zama. Ɗan gari ne da Allah ya ɗaukaka a Abuja ko Legas, ya zo hutun Sallah, ko Mauludi, ko bikin 'yar ƙanensa. Sai a lulluɓe katangar gidansa da igiyoyin fitilu masu launi-launi, a kafa manyan lasifika, a ɗauko mai kiɗan DJ da fitilunsa masu rawa da bugun ganga, a rataya ƙyalle mai ɗauke da hotonsa da sunan gidauniyarsa. Ana gab da tashi sai a fito da buhunan shinkafa da turamen atamfa, mai ɗaukar bidiyo yana biye. A tarukan ƙungiyoyin ci gaban gari kuma, inda likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki ke haɗuwa, ba a rasa wanda zai nuna bidiyon wani gida a Amurka da fitilunsa ke kunnuwa suna mutuwa daidai da kowane bugu na waƙa, ya ce ai da wannan suke tara wa marayu kuɗi, me zai hana a kawo shi gida.

Akwai abin da zai hana, kuma ya kamata a faɗe shi tun kafin a sayi wayar wuta ta farko.

Abin da ake kwaikwayo yana da tarihi sananne. A shekarar 2005 bidiyon gidan wani injiniyan lantarki mai suna Carson Williams, a garin Mason na jihar Ohio, ya bazu a intanet. Ya haɗa dubban fitilun Kirsimeti da akwatunan sarrafa wuta na Light-O-Rama, ya tsara a kwamfuta wace fitila za ta kama a wane daƙiƙa, har gidan ya zama kamar yana rawa da waƙar. Daga nan abin ya zama sana'ar sha'awa mai dubban mabiya. Yau akwai manhajoji na kyauta irin su xLights da Vixen, akwai kuma ƙananan fitilun da kowace ɗaya ke karɓar umarninta daban, ta sauya launi ita kaɗai. Aiki ne mai cin rai: minti ɗaya na waƙa kan ci awoyi ana tsara shi, shi ya sa masu yinsa ke farawa tun watanni kafin Disamba. Sautin kuma ba ya fita ta lasifika. Ƙaramar na'urar watsa shirye-shirye ce ta zangon FM ke aika shi, mai kallo ya kama tashar a rediyon motarsa, maƙwabci ya yi barcinsa.

Sadaka ta shigo ne daga baya, da masu gidajen suka ga layin motoci a ƙofarsu kowane dare. A Kanbera, babban birnin Ostireliya, iyalin David Richards sun kunna fitilu 502,165 a 2013, suka shiga kundin Guinness, kuɗin da 'yan kallo suka bayar kuma ya tafi ga wata ƙungiya mai yaƙi da mutuwar jarirai ta farat ɗaya. Kuɗin wutar ma kamfanin lantarkin birnin ne ya ɗauke musu. Shekara guda bayan haka iyalin Gay na LaGrangeville a jihar New York suka karɓe kambun da fitilu 601,736, su ma da akwatin taimako a bakin hanya.

A lura da wanda ke zuwa kallo a waɗannan wurare. Mai mota ne, ya ci abincin dare, ya ɗauko 'ya'yansa domin nishaɗi, yana da rarar kuɗi a aljihu. Fitilun tarko ne da aka ɗana wa mai hali: a faranta masa rai na minti goma, a sassauta masa hannu, ya saka wani abu a akwati. Wanda za a taimaka wa ba ya wurin. Yana asibiti, ko gidan marayu, ba a ganin fuskarsa, ba a sa shi layi. Kuɗi na tafiya ne daga 'yan kallo zuwa mabuƙata, mai gida kuwa ɗan aike ne kawai wanda ya ɗauki wahalar tsani da waya.

To, a ɗauko wannan tsari a dasa shi a Kafin Agur, ko Rikadawa, ko Burji. Wa zai zo? Yaran unguwa za su zo, da almajirai, da 'yan ƙwadagon da suka yini suna tsinkar tumatir, da matan da suka ji an ce akwai rabo. Da ƙafa za su zo, kuma hannunsu a buɗe yake domin karɓa. Akwatin taimako a irin wannan taro abin dariya ne, don babu mai rarar da zai saka. Saboda haka dole tsarin ya juye: mai gida ne zai bayar, 'yan kallo su karɓa, fitilun kuma su tashi daga tarkon masu hali su koma dandalin da ke haska fuskar mai bayarwa. Da zarar an kai nan, maganar tara taimako ta ƙare. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya yana rabon kayansa a gaban jama'a, ya ƙara da kiɗa domin a taru da yawa a shaida.

Tara mayunwata a ƙofa ɗaya kuwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma Najeriya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi da rayuka. A watan Maris na 2024, cikin azumi, mutum bakwai suka mutu a Bauchi a turmutsitsin karɓar zakkar wani attajiri. Ranar 18 ga Disamba na shekarar, yara 35 suka rasu a Ibadan a wani taron nishaɗin yara da aka yi alkawarin raba kuɗi da abinci. Kwana uku bayan haka aka sake yin asarar rayuka a Okija ta jihar Anambra da kuma wata majami'a a Maitama, Abuja, duka wajen rabon kayan abinci. Babu ɗaya daga cikin masu shirya waɗannan taruka da ya fito da niyyar kisa. Sun sanar da alheri ne, yunwa ta amsa kira fiye da yadda ƙofa za ta iya ɗauka. Shi kansa Carson Williams, a ƙasar da 'yan kallo ke zaune cikin motoci a ƙoshe, kashe fitilunsa ya yi a Disambar 2005 bayan cunkoso ya jawo haɗarin mota a unguwarsu. Wanda zai haɗa dare, da duhun lungu, da kiɗa mai kiran yara daga ƙauyuka uku, da jita-jitar rabon shinkafa, ya kamata ya tambayi kansa ta wace ƙofa mutum dubu za su fita idan wuta ta ɗauke kwatsam.

Sai maganar wutar kanta. Wani bincike na Ma'aikatar Makamashi ta Amurka a 2008 ya ƙiyasta cewa fitilun ado na ƙarshen shekara suna cin kilowat-awa biliyan 6.6 a ƙasar, adadin da daga baya masana suka nuna ya zarce wutar da ƙasashe irin su Habasha da Tanzaniya ke sha a shekara guda a wancan lokaci. Wato al'adar ta tsiro ne a inda wuta ta yi yawa har ana wasa da ita. Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 tana rarraba megawat dubu huɗu zuwa biyar a ranar da abubuwa suka yi kyau. A Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a layin da ke bi ta Makurɗi, Kano da maƙwabtanta sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Duk fitilar adon da za a kunna a Madobi, a aikace, fetur ce ke ci.

Ita kuwa litar fetur a wannan yanki tana da mai ita. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana tura ruwa ta manyan magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, amma manomin da gonarsa ke wajen magudanan, ko a ƙarshen layi inda ruwa ke isowa a gajiye, da inji yake rayuwa. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Manoma da dama sun mayar da injinansu masu amfani da gas ɗin girki, wasu sun rage faɗin abin da suke nomawa. A ɗauka janaretan biki yana shan lita biyu a awa, ana kunna shi awa biyar, dare goma. Lita ɗari ke nan, a garin da mutum ke zuwa gidan mai da galan ya sayi lita uku domin kada yabanyarsa ta ƙone. Gaskiya ne fitilun zamani ba su da cin wuta kamar ƙwayayen da, kuma yawancin man lasifika da manyan fitilun dandali ne ke shanye shi. Wannan bai sauya lissafin ba. In aka haɗa mai, da hayar kayan sauti, da mai bidiyo, da ƙyallen hoto, da abincin manyan baƙi, sau da yawa kuɗin shagalin kan yi kafaɗa da kuɗin abin da aka raba, in ma bai wuce shi ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, sai dai in tun farko kwalliyar ce abin nema.

Masu kare wannan salo suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce dukiyarsa ce, ya yi yadda ya so da ita. Haka ne. Wanda ya ƙawata gidansa domin bikin 'yarsa ya ce biki yake yi, babu mai binsa bashin bayani, illa haƙƙin maƙwabcin da ke jinya ko mai jariri. Rigimar tana farawa ne daga lokacin da aka liƙa wa abin sunan gidauniya, aka tura lambar asusun banki ga abokai da 'yan ƙungiya, aka ce domin marayu ne. Daga nan kuɗin ya zama amana, amana kuwa ana tambayar ta.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: yaran karkara su ma sun cancanci su ga abu mai kyau. Wannan gaskiya ce da masu tsananin ra'ayi kan manta. Yaron da bai taɓa ganin komai da dare ba sai tocila da wata, ranar da ya ga katanga tana sauya launi zai riƙe abin har tsufansa, kuma farin cikin yaro ba asara ba ne. Haka nan masu cewa ado da fitila kwaikwayon Nasara ne ba su duba tarihi ba. Mutanen Alƙahira suna rataya fanus a watan azumi tun ƙarnoni da suka shuɗe. A Istanbul tun zamanin Usmaniyya ake jera fitilu tsakanin hasumiyoyin masallaci su rubuta kalmomi a sararin sama, abin da suke kira mahya. A 2023 aka fara kunna fitilun Ramadan a tsakiyar Landan. A Kano ma unguwanni kan sha ado lokacin Mauludi da Takutaha, kamar yadda majami'un Sabon Gari kan yi a Kirsimeti. Haske ba na wani addini ba ne. Sai dai in farin cikin yara ake so, to a ba su shi tsantsa: a kunna fitilu a filin makaranta ko ƙofar fada, a tashi da wuri, kada a haɗa da rabon komai. Ranar da aka sa buhun shinkafa a ƙarshen wasa, uwa ba za ta kawo ɗanta kallo ba, za ta kawo shi ne ya riƙe mata layi.

Ta uku ita ce bayyana sadaka na zaburar da wasu. Malamai sun yi bayani a kan haka, kuma Suratul Baƙara ta yaba wa sadakar bayyane, ta kuma fifita wadda aka kai wa matalauta a ɓoye. Amma abin da ke zaburarwa shi ne a ga aikin da adadinsa. Fuskar bazawarar da aka sa ta durƙusa gaban kyamara tana cewa "Allah ya ƙara arziki, Alhaji" ba ta ƙara wa kowa niyyar bayarwa. Abin da take ƙarawa shi ne yawan masu kallon shafin Alhaji. Matar nan gobe za ta je kasuwa, 'yarta za ta je makaranta, a garin da kowa ya ga bidiyon.

Abin mamaki shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin kwaikwayo a tsarin na waje, wato lissafi, shi ne aka bari a can. Gidajen da suka yi suna sukan faɗi sunan ƙungiyar da za a ba kuɗin tun kafin a kunna fitila, mai gida ya ɗauki nauyin kayan da kansa, a ƙarshe a sanar da abin da aka tara. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Matar da ba ta yi aji ɗaya a boko ba tana da littafin biki, ta san wadda ta ba ta naira dubu biyu shekara huɗu da suka wuce, ta san abin da za ta mayar. A gidauniyar ginin masallaci ana shelanta sunan mai bayarwa da adadin da ya bayar, ma'aji ya rubuta. Manoman Kadawa suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, suna tara kuɗin gyaran magudanai, kuma shugaban da ya kasa bayanin inda kuɗin ya shiga ba ya shan ruwa a taro. Doka ma ta tanadi hanya: gidauniyar da ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a ƙarƙashin dokar 2020 wajibi ne ta riƙa miƙa rahotonta na shekara, jihar Kano kuma tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Mutumin da ya iya tsara fitila dubu biyar su bi bugun ganga ba zai ce shafi ɗaya na shiga da fita ya gagare shi ba. In bai fitar ba, bai so ba ne.

Wanda da gaske yake son ya yi amfani da wannan fasaha ya tara wa Madobi kuɗi, hanyar a buɗe take, sai dai ba a Madobi za a kafa ta ba. A kai fitilun inda masu mota suke: Nasarawa GRA, ko Bompai, ko Maitama da Asokoro inda 'yan asalin yankin da dama ke zaune. A nemi izinin hukuma da yardar maƙwabta, a sa kuɗin shiga ko lambar asusu a ƙofa, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa abin da aka tara na cibiyar lafiya kaza ne a mazaɓa kaza, domin sayen abu kaza. Iyalan da ke biyan dubban nairori su kai yara wuraren wasa a ranar Sallah za su biya wannan ma. Injiniyoyin da za su haɗa kayan suna nan birjik, daga ɗaliban Jami'ar Bayero zuwa masu gyaran lantarki na Sabon Gari. Asarar da mai shiryawa zai yi guda ɗaya ce: mutanen garinsu ba za su gan shi tsaye cikin haske ba. Wanda wannan asara ta hana shi, ya riga ya amsa tambayar ko don wa ake kunna fitilun.

Akwai kuma abin da fasahar kanta ke nunawa ga mai lura. Ƙananan fitilun nan da ake tsarawa a kwamfuta yawancinsu da wutar batir mai ƙarfin bolt 12 ko ƙasa da haka suke aiki. Wanda zai kunna su ba tare da janareta ba zai sayi faifan sola, da batura, da na'urar juya wuta. Waɗannan su ne ainihin kayan da ƙaramar cibiyar lafiya ta karkara ke nema. Labarin ungozomar da ke karɓar haihuwa da fitilar waya a haƙoranta ba almara ba ne a karkarar Arewa, duk wanda ya yi aiki a ƙananan asibitoci ya san shi. Naƙuda ba ta jiran a kawo wuta, jinin da ya ɓalle da ƙarfe biyun dare sai an gan shi kafin a tsayar da shi, allurar rigakafi kuma tana lalacewa in firji ya huce. Kayan da za su sa katanga rawa na dare goma za su iya haska ɗakin haihuwa na shekaru.

A nan ma sai an yi hattara, domin karkarar Kano cike take da fitilun sola na kan titi da 'yan siyasa suka kafa, da yawansu sun mutu bayan damina ɗaya ko biyu, sandunan na tsaye da hoton mai bayarwa yana koɗewa a jiki. Batir yana da wa'adi, faifai yana son a share masa ƙurar hunturu, kuma sai an sami wanda zai hana a kwance kayan a kai kasuwa. Duk wanda zai kai sola cibiyar lafiya ya zauna da jami'in da ke kula da ita, da dagaci, da kwamitin ci gaban mazaɓa, a rubuta sunan wanda zai riƙe mabuɗin ɗakin batir, a ware kuɗin sauya baturan tun ranar farko, a ajiye lambar mai gyaran da zai zo daga Kano in na'urar ta yi ƙara. A wannan zama babu kiɗa, ba a gayyatar mai bidiyo, kuma yakan ɗauki yini guda ana gardama a kan wanda zai sa hannu.